Sa Hannun Maƙeran Japan: Na Gaske Ko Jabu?

Duk ɗan kasuwa ya san suna ke ɗaga farashin kaya. Yau tarihin kayan adon takubban Japan zan kawo muku, inda suna kan tashi da kuɗin gida guda.

Takobin samurai yana da faifan ƙarfe mai kare hannu da ake kira tsuba, da wasu ƙananan kayan ado na ƙota da kube. Maƙeri kan sassaƙa sunansa a jiki da kurfi. Sa hannun nan sunansa mei, na ƙarya kuma gimei.

Gidan Goto, wanda Goto Yujo (1440 zuwa 1512) ya kafa, shi ya yi wa masu mulki aiki ɗaruruwan shekaru, akasari da shakudo, gaurayen jan ƙarfe da zinariya mai baƙin launi. Amma magabatan gidan ba su cika sa hannu ba. Jikokinsu ne daga baya suke duba aikin, su ba da takardar shaida mai suna origami, har da ƙimar kuɗinsa. To ka ga in an nuno maka kaya da sunan Yujo ɓaro-ɓaro, sai ka yi hattara.

Jabun ba jiya ya fara ba. Tun zamanin Edo (1603 zuwa 1868) ake kwaikwayon sunan Nobuie da Kaneie da Yokoya Somin. A 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi, maƙera suka rasa ciniki, Turawa kuma suna saye da zafi. Mai saye bai iya karatun rubutun ba, shi dai a ce masa babban suna ne.

Yaya masana ke ganewa? Aikin suke fara dubawa kafin sunan: irin ƙarfen, salon zanen, da ƙwarewar hannun. In aikin bai kai na mai sunan ba, magana ta ƙare. Sannan su kwatanta sa hannun da waɗanda aka tabbatar, su duba inda kurfi ya shiga da inda ya fita. Mai suna yana sara ba fargaba, mai kwaikwayo kuwa hannunsa na ɗari-ɗari. Suna kuma duba cikin saran: in launin tsufansa bai yi daidai da na sauran jikin ba, daga baya aka ƙara shi.

A 1948 aka kafa ƙungiyar NBTHK a Tokiyo, wadda ke tantancewa tana ba da takarda, kuma ba ta amincewa da mai sa hannun ƙarya. Shi ya sa tsohon aiki mai kyau marar suna kan samu takarda, irinsa da aka liƙa wa sunan ƙarya ya faɗi. Wanda ya ƙara sunan don riba, shi ya karya darajar kayan.

Kowane irin kaya kake saye, duba aiki kafin ka biya kuɗin suna. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.