Duwatsun Da Aka Ji Kunyarsu

A arewacin Faransa, dab da iyakar Beljiyam, akwai wasu hanyoyin karkara da faɗinsu bai wuce na tarakta guda ba. Ba a malala musu kwalta ba. Duwatsu ne aka sassaƙa aka jera ɗaya gefen ɗaya, kowanne mai doro, har maƙwabta na Beljiyam suke kiransu kawunan yara. Kusan duk shekara manoma ne kaɗai ke bin su. Amma rana ɗaya a watan Afrilu, gwanayen tseren keke na duniya sukan ratsa su a guje, daga garin Compiègne zuwa Roubaix, tafiyar kimanin kilomita 260, wadda wajen 55 daga ciki a kan duwatsun nan ake yin ta. Sunan tseren Paris-Roubaix. Ni dai ba gwanayen ne suka ja hankalina ga tarihinsa ba, hanyar ce: yadda masu ita suka taɓa jin kunyarta har suka yi ta binne ta, da yadda tseren da suke gudun ya tona musu asiri ya zama shi ne ya cece ta.

A ƙarshen ƙarni na 19 Roubaix garin masaƙu ne, mai arzikin ulu da hayaƙi. Attajirai biyu masu masaƙa, Théodore Vienne da Maurice Perez, suka gina filin tseren keke a 1895, sannan suka nemi abin da zai jawo masa 'yan kallo. Shawararsu ita ce a shirya tsere daga birnin Faris ya ƙare a filin nasu. Jaridar Le Vélo ta tura ma'aikacinta Victor Breyer ya duba hanya. Daga Amiens ya hau keke cikin ruwa da sanyi, ya iso Roubaix jiƙe sharkaf da taɓo, yana niyyar aika waya a soke maganar. Masu masaukinsa suka karrama shi da liyafa, ya huce, aka yi tseren ranar 19 ga Afrilu, 1896. Bajamushe Josef Fischer ne ya zo na ɗaya bayan kilomita 280. Abin lura shi ne, a wancan lokaci babu wanda ya zaɓi duwatsun don su wahalar da kowa. Haka hanyoyin arewa suke, kuma hanyar dutse ita ce mai kyau idan aka gwada ta da ta ƙasa wadda damina ke mayarwa kwatami.

Laƙabin da tseren ya shahara da shi, wato Jahannamar Arewa, shi ma ba daga duwatsun ya samo asali ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da tseren daga 1915 zuwa 1918. A 1919 masu shiryawa da 'yan jarida suka fita su ga ko akwai sauran hanya. Suka tarar da ƙauyuka sun zama kufai, itatuwa sun ƙone sun bar kututture, gonaki duk ramukan bama-bamai da kaburbura. Abin da suka gani ne suka kira jahannama, sunan kuma ya bi tseren har yau, ko da yake yawancin masu faɗarsa yanzu girgizar keke suke nufi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta shiga gina kanta, motoci suka yawaita, kwalta ta fara cinye duwatsun ƙauye bayan ƙauye. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, domin mu ma mun san abin da zuwan kwalta ke nufi ga ƙauye: mai naƙuda ta isa asibiti, amfanin gona ya isa kasuwa, garin ya shiga sahun garuruwa. Arewacin Faransa kuwa yana da wani ƙarin ciwo. Sauran 'yan ƙasar suna kallonsa a matsayin yankin talauci, na ramukan kwal da hazo. Da talabijin ta fara nuna tseren, sai magadan gari suka ga ana haska wa duniya ƙauyukansu da hanyoyin zamanin kakanni. Ya zamana idan tseren ya bi ta wata hanya bana, baɗi sai a tarar an shafe ta da kwalta. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da aka zaɓa don ya kyautata rayuwar mutane ɗari biyar ba zai bar su cikin girgiza kwana 364 saboda nishaɗin baƙi na yini guda ba.

Zuwa tsakiyar shekarun 1960 duwatsun da suka rage a hanyar tseren ba su fi kilomita 20 da 'yan kai ba, tseren ya fara zama kamar kowanne. Shugabansa, Jacques Goddet, ya ɗora wa Albert Bouvet, tsohon ɗan tsere kuma ɗan jarida, aikin nemo duwatsu duk inda suka ɓuya. Bouvet ya bar manyan tituna ya karkata gabas, yana bin hanyoyin gona da babu wanda ya damu ya gyara. A nan ya nemi taimakon Jean Stablinski, ɗan baƙin haure 'yan Folan, wanda ya yi aikin haƙar kwal yana saurayi kafin keke ya fitar da shi daga rami, har ya zama zakaran duniya a 1962. Da tsohuwar zuma ake magani. Stablinski ya kai shi wata miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon kilomita 2 da 'yan kai wadda ta ratsa dajin Arenberg, kusa da ƙauyen Wallers, a gefen mahaƙar kwal ɗin garin. Aka saka ta a tseren 1968, wanda Eddy Merckx na Beljiyam ya ci. Stablinski ma yana cikin 'yan tseren ranar, shi ya sa ake yi masa kirari da mutumin da ya yi aiki a ƙarƙashin dajin kuma ya yi tsere a samansa.

Arenberg ba hanyar wasa ba ce. Duwatsunta ba su daidaita ba, akwai gibi tsakaninsu, inuwar daji kuma ba ta barin su bushe. Dabarar bin irin wannan hanya ta saɓa wa hankali: wanda ya rage gudu shi ya fi shan wuya, domin tayarsa za ta riƙa faɗawa kowane gibi, alhali mai gudu yana tsallake su. Tsakiyar hanya, inda ta yi doro, ta fi aminci, saboda haka kowa can yake so, kuma mutum fiye da ɗari ba za su shiga wuri mai faɗin taku uku a lokaci ɗaya ba. A 1998 Johan Museeuw ya faɗi a nan ya fasa ƙoƙon gwiwa, raunin ya ruɓe har aka yi tunanin yanke ƙafar. Bayan shekara biyu ya dawo ya ci tseren, ya shiga filin Roubaix yana nuna gwiwar da yatsa.

Neman duwatsun ya haifar da abin da Bouvet bai yi niyya ba. Da aka bar manyan tituna, tseren ya koma ratsa wuraren da tarihin Faransa yake kwance ba mai tada shi. A Mons-en-Pévèle, inda ake bin kilomita 3 na dutse, Sarki Philippe na Huɗu ya gwabza da mutanen Flanders a 1304. Gaba kaɗan, kusa da ƙarshe, akwai Carrefour de l'Arbre, mararrabar da take kallon filin Bouvines. A can ne ranar 27 ga Yuli, 1214, Sarki Philippe Auguste ya karya rundunar Sarki Otto na Huɗu da abokan ƙawancen Sarki John na Ingila. Kayen nan ya raunana John har manyan ƙasarsa suka tilasta masa amincewa da Magna Carta a shekarar da ta biyo. Yau gonakin alkama ne da na wani tsiro mai kama da gwaza da ake tatsar sukari daga saiwarsa, kuma taraktocin da ke kwasarsa a kaka su ne ke murƙushe duwatsun fiye da kowane keke. Mahaƙar Arenberg an rufe ta a 1989, amma hasumiyoyinta na ƙarfe suna tsaye, kuma a 2012 UNESCO ta saka yankin haƙar kwal ɗin cikin kayan tarihin duniya.

Sannu a hankali kunyar ta juye alfahari. Tun 1977 kyautar wanda ya ci tseren ita ce dutse guda daga irin na hanyar, a ɗora masa a hannu ya ɗaga. Wata ƙungiyar 'yan sa kai, Les Amis de Paris-Roubaix, ta ɗauki nauyin gyara, tare da ɗaliban makarantun aikin lambu na yankin, waɗanda ke tone duwatsun su sake jera su da hannu. Magadan garin da magabatansu ke gudun tseren, yanzu roƙo suke a bi ta ƙauyensu, domin jajibirin ranar dubban masu sha'awar keke sukan zo su gwada hanyar, su ci abinci, su kama ɗaki.

Duk da haka ban yarda a ba da labarin kamar wayayyu ne suka yi nasara a kan jahilai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma manomin da ke bin hanyar da sanyin Janairu bai daina jin girgizarta don an sa mata tauraro biyar a takardar tsere ba. A ganina abin da ya sa sulhun ya yiwu shi ne, kafin a fara maganar adanawa, ƙauyukan sun riga sun sami kwaltarsu a hanyoyin makaranta da asibiti da kasuwa. Abin da aka adana ragowa ne, hanyoyin bayan gari. Da an nemi a hana su kwaltar tun 1955 da sunan tarihi, da zalunci ne.

Arenberg kanta an hana motoci bin ta, kuma hakan ya zo da tasa matsalar, domin hanyar da ba a takawa ciyawa ce ke cinye ta, ciyawa a tsakanin duwatsu kuwa santsi ce. A 2023, makonni kaɗan kafin tseren, sai aka kawo garken awaki aka sake su a kanta su yi kiwo.