Sabunta Taswirar Fili Bayan Damina a Batsari da Safana

A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, ruwan damina kan zaizaye ƙasa, ya buɗe kwazazzabai, ya cike wasu wurare da yashi. Saboda haka awon bara ba lalle ya dace da filin bana ba. Kafin haƙa harsashin aji ko kwalbati, ma'aikacin safiyo kan sake auna tudu da gangare, injiniya ya shigar da sabon awon cikin manhajar zane irin AutoCAD Civil 3D, a gyara zurfin harsashi da magudanar ruwa. Ambaliyar Jibiya, maƙwabciyar Batsari, ta Yulin 2018, darasi ce gare mu. Muna kira ga kansiloli da dagatai su tabbatar an sake awo kafin fara gini.