Jirgin Cikin Gari a Ikko: Tarihin Damar da Aka Yi Ta Saki, 1902 Zuwa 2024

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Ikko, ko da na mako guda ne, ya san cewa babu abin da yake cin lokacin mazauna wannan birni da lafiyarsu kamar hanya. Ma'aikaci kan bar gida tun kafin assalatu domin ya riga cunkoso fita, ya kuma dawo bayan lisha idanunsa jajaye saboda hayaƙi. A 'yan shekarun nan ana ta maganar samar da abubuwan hawa masu ɗaukar jama'a da yawa, masu ƙarancin hayaƙi, waɗanda za su rage dogaro da motar gida. Wasu suna ɗaukar wannan magana baƙuwa ce da ta zo mana daga Turai jiya-jiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Ikko ta san wannan hanya tun farkon ƙarni na 20, sau biyu tana kama ta tana saki, kuma abin da muke gani a yau kamu na uku ne. Masu iya magana dai sun ce waiwaye adon tafiya.

Kamun Farko: Jirgin 1902

A shekarar 1901 Turawan mulkin mallaka suka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Ibadan. Tashar jirgin a Iddo take, alhali kuwa kasuwanni da ofisoshi da gidajen manyan 'yan kasuwa suna kan tsibiri, ruwa ya raba tsakani. A wannan shekara aka gama Gadar Carter, sai kuma a 1902 aka shimfiɗa siririn dogo a kanta, aka sa wani ƙaramin jirgi mai aiki da tururi yana kwasar fasinja da kaya daga Iddo zuwa cikin tsibirin, yana bin titunan gari tare da masu tafiya a ƙasa. A lokacin mutanen Ikko ba su wuce kimanin 40,000 ba. A 1906 aka ƙara wani reshe domin kwashe ƙazantar gari da dare.

Gaskiya ne wannan jirgi hayaƙi yake yi, domin tururi ba ya samuwa sai an hura wuta. Amma dabarar da aka gina shi a kanta ita ce dai dabarar da masana sufuri suke kira a koma gare ta a yau, wato inji guda ya ja mutane masu yawa a kan hanyar da aka tanada dominsa.

Wannan jirgi bai daɗe yana yi wa jama'a hidima ba. Taragai suka tsufa, injuna suka gaji, gwamnati kuwa ba ta sabunta su ba, har a ƙarshen 1913 aka daina ɗaukar fasinja. Reshen kwasar ƙazanta shi ne ya ci gaba da aiki har zuwa 1933. Ke nan hukumar da ta ga jirgi ya dace da kwashe sharar gari har na ƙarin shekara 20, ba ta ga ya dace ta kashe kuɗi a kansa domin ɗaukar mutanen garin ba. Daga nan sai aikin ya koma hannun masu motocin haya. Kamfanin bas na Zarpas ya fara aiki a 1929, majalisar gari ta karɓe shi a 1958, amma yawan jama'a ya fi ƙarfinsa, sai molue da danfo suka cike gurbin.

Zamanin Mota

Bayan yaƙin basasa, kuɗin man fetur suka kwararo, musamman daga 1973 lokacin da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya. Hukumar Udoji ta ba da rahotonta a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi haɗe da ariyas. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna da na Volkswagen a Ikko. Ga rancen mota ga manyan ma'aikata, ga mai da araha. Mota ta zama shaidar cewa mutum ya yi karatu ya kuma samu, har ya zamanto ana yi wa wanda ya gama jami'a yana shiga bas kallon wanda karatunsa bai yi albarka ba.

Maganin da hukuma ta nema wa cunkoson da ya biyo baya shi ne ƙarin tituna da gadoji. An kammala Gadar Eko a 1975, aka shiga gina gada ta uku, mai tsawon kilomita 11.8, wadda ba a buɗe ta gaba ɗaya ba sai a 1990. Da abin ya ci tura, sai a 1977 aka kafa dokar cika da mara, wato motoci masu lamba cika su shiga tsakiyar gari a wasu ranaku, masu lamba mara kuma a wasu. Masu hali sai suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar, dokar da aka yi domin rage motoci ta zama dalilin ƙaruwarsu. Dalilin duk wannan a fili yake. Motar da ke ɗauke da mutum ɗaya ko biyu tana cin filin da zai ishi mutane da dama a cikin bas, kuma duk sabon titin da aka buɗe kira ne ga sababbin motoci su zo su cika shi.

Kamu na Biyu: Shirin Jakande

Marigayi Alhaji Lateef Jakande, wanda ya mulki Jihar Ikko daga 1979 zuwa 1983, yana cikin waɗanda suka fahimci cewa titi kaɗai ba zai ɗauki wannan birni ba. Gwamnatinsa ta sa jiragen ruwa na fasinja tsakanin Mil 2 da Marina, ta kuma ƙulla yarjejeniya da haɗakar wasu kamfanonin Faransa domin gina jirgin cikin gari wanda zai tashi daga Marina ya bi ta Yaba har Agege. A watan Yulin 1983 aka aza harsashin aikin. Wata biyar bayan haka, a ranar 31 ga Disamba, soja suka hamɓarar da Jamhuriya ta Biyu, a 1985 kuma aka soke kwangilar.

Adalci ne mu faɗi cewa a wancan lokaci farashin mai ya faɗi, bashin ƙasashen waje ya yi wa ƙasa katutu, kuma gwamnati tana tsuke bakin aljihu ta ko'ina. Sai dai sokewar ba ta zo kyauta ba, domin an yi asarar kuɗi masu yawa a kan aikin da ko mutum ɗaya bai hau ba. Idan muna son mu auna abin da aka rasa, sai mu dubi Alƙahira. Ita ma da taimakon kamfanonin Faransa ta fara nata aikin a farkon shekarun 1980, ita ma tana fama da ƙarancin kuɗi, amma ta daure, ta buɗe layinta na farko a 1987. Ikko kuwa ta shiga shekarun gyaran tattalin arziki da molue da danfo, sannan tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga Turai da baburan acaɓa suka biyo baya.

Kamu na Uku

A 2002 aka kafa hukumar sufuri ta LAMATA da tallafin Bankin Duniya. Aikinta na farko da ya shiga idon jama'a shi ne motocin BRT, waɗanda suka fara aiki a watan Maris na 2008 tsakanin Mil 12 da CMS, tafiyar kilomita 22. Dabarar daga birnin Kuritiba na ƙasar Burazil aka aro ta, inda aka fara ta a 1974: a keɓe wa manyan bas-bas hanyarsu a gefen titi, yadda za su wuce su bar masu ƙananan motoci a cunkoso. A 2015 aka miƙa layin zuwa Ikorodu, a 2020 kuma aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba.

Jirgin kansa ya ɗauki lokaci. An shafe fiye da shekara 10 ana gina Shuɗin Layi kafin ɓangarensa na farko, kilomita 13 daga Marina zuwa Mil 2, ya fara ɗaukar fasinja a ranar 4 ga Satumba, 2023, kuma da wutar lantarki aka tsara shi ya yi aiki. Wani abin lura shi ne, wanda ya ƙaddamar da layin a Janairun wannan shekara shi ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, shugaban gwamnatin sojan da aka soke shirin Jakande a ƙarƙashinta shekara 38 kafin nan. Jakande kansa bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 2021. A Oktoban 2024 Jan Layi, mai jiragen dizal, ya fara aiki tsakanin Agbado da Oyingbo, kilomita 27. Yana tsayawa a Agege, tsohon zangon Hausawa fataken goro, wato inda aka yi wa alkawarin jirgi tun 1983.

Wa Ya Biya Kuɗin Jinkiri?

Jinkirin shekara 40 ba a kan takarda ya tsaya ba. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin 11,200 a Ikko a shekarar 2018 kaɗai, kashi 60 cikin 100 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma hayaƙin abubuwan hawa yana kan gaba cikin musabbaban. Wanda ke cikin mota mai na'urar sanyaya ɗaki ya rufe gilashinsa, hayaƙin kuwa yana shiga ƙirjin mai talla a bakin titi, da ɗan dako, da mai jiran danfo.

Haka kuma giɓin da rashin jirgi ya bari shi ne ya haifar da sana'ar acaɓa, wadda dubban 'yan'uwanmu daga Arewa suka dogara da ita. Da aka hana ta a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, su ne suka rasa abin yi. Da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka, nauyin kuma ya faɗo a kan waɗanda ba su taɓa mallakar mota ba.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna mana cewa Ikko ba ta taɓa rasa dabara ba. Jirgin 1902 rashin gyara ya kashe shi, na 1983 kuwa canjin gwamnati. Waɗannan cututtuka biyu suna nan da ransu, kuma layukan da aka buɗe ba su kai ko'ina ba idan aka kwatanta da birni mai mutane fiye da miliyan 15. Ɗorewarsu ta rataya a kan a ware kuɗin gyara kowace shekara, wanda ya gaji mulki ya ƙarasa aikin da ya tarar, a kuma bar kuɗin shiga daidai aljihun lebura. Mu kuma da muke karatu da koyarwa a nan Kudu, da yawanmu za mu koma biranen Arewa irin su Kano da Kaduna, inda ake fuskantar cunkoso da gadojin sama, kamar yadda Ikko ta yi a shekarun 1970. Ya kamata mu koma da wannan labari, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.