KESO: ADADIN ZAMBAR ASHIRIN A LISSAFIN WURI NA ƘASAR KANO

Maƙasudin wannan takarda shi ne nazarin adadi ɗaya tak, watau 20,000, wanda Hausawa suke kira zambar ashirin. A zamanin kuɗin wuri wannan adadi shi ne keso guda, domin cikin buhun tabarma ake ɗinke shi. Tambayar da ke gabanmu ita ce, me ya sa fatake da masu sarauta suka tsaya a kan wannan adadi?

Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya bayyana cewa biyar-biyar ake ƙirga wuri, ana tara shi tsibi-tsibi na ɗari biyu ko na dubu. Ya kuma ce kowane maigida yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, daidai da riyal guda na azurfa. Ke nan a karkara mai cikar jama'a irin ta Gezawa, bisa hanyar Kano zuwa Gumel, harajin gidaje takwas shi ne keso guda cif.

Idan muka warware adadin zuwa tushensa, za mu ga 2 ce aka ninka sau biyar, ta ba da 32, da kuma 5 da aka ninka sau huɗu, ta ba da 625. To, 32 sau 625 shi ne 20,000. Saboda haka lambobi talatin ne suke raba shi ba saura, ciki har da 5 da 100 da 200 da 1,000 da 2,500, watau ainihin matakan da mai ƙirga yake bi. Malaman hisabi sun kasa adadi kashi uku: cikakke da tauyayye da mai ƙari. Keso yana cikin kashi na uku, domin jimlar masu raba shi, ban da shi kansa, ta kai 29,203, ta ɗara shi.

Sai dai adadin yana da iyakarsa. Babu 3 cikin tushensa, alhali kuwa rabon gado a shari'a yana bukatar sulusi da sudusi. Sumunin keso 2,500 ne daidai, rubu'insa 5,000, amma sulusinsa 6,666 ne da saurar wuri biyu. Wannan yana nuna cewa a kasuwa aka haifi keso, daga yatsu biyar na hannun mai ƙirga, alƙali kuwa ya same shi ne a haka.

A 1904 Turawa suka hana shigo da wuri Nijeriya ta Arewa, sule da kwabo suka maye gurbinsa sannu a hankali. Ya kamata masu tsara kalmomin lissafi na Hausa su waiwayi wannan tsohon tsari, domin zangu da zambar da keso shaida ne cewa harshen ya daɗe yana ɗaukar manyan lambobi.