Su a Gulbin Sakkwato: Kafin Bakolori da Bayanta

Mai neman tarihin Mafara da Bakura da Maradun wajibi ne ya fara daga gulbi. A da, Gulbin Sakkwato yakan cika ya batse kowace damina, ya malale fadamu, kifi ya bi ruwa ya hayayyafa cikin tafkuna. In rani ya yi, Sarkin Ruwa ya ba da izini, sai gari ya fita su da homa da gora, ana kiɗa ana raha. Abinci ne, wasa ne, zumunci ne kuma.

A 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gama gina madatsar Bakolori. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, rikicin diyya ya kai ga kisan manoma a Afrilun 1980. Ƙasa da madatsar kuwa, malalar ta ragu, kifi ya yi ƙaranci.

Gaskiya ne sabon tafkin ya kawo kamun kifi na kwale-kwale da raga, amma wannan sana'ar ɗaiɗaiku ce, ba taron gari ba. Saboda haka, ma'aikacin da zai tsara wata madatsa, in yana lissafin buhunan shinkafa, ya sa masunta cikin lissafin.