Yadda Mugun Mafarki Ya Shiga Ɗakin Bincike

Shekaru aru-aru, mafarki aikin masu fassara ne. A Basra, sunan Ibn Sirin ya shahara har aka jingina masa littattafan da malamai ke buɗewa a zaurukan Kano zuwa yau.

Masana kimiyya sun makara. A 1953 Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman, na Jami'ar Chicago a Amurka, suka wallafa abin da suka gano: akwai lokacin barci da idanu ke kai-komo da sauri, kuma yawancin waɗanda aka tasa a lokacin sukan ce suna mafarki. Aserinsky ma ɗansa ɗan shekara 8 ya fara manna wa wayoyin na'urar binciken barci.

Daga nan tambaya ta sauya: me mafarkin dare ke nunawa game da ƙwaƙwalwa da rana? A 2022 Abidemi Otaiku na Jami'ar Birmingham ya ruwaito cewa masu matsakaitan shekaru da ke mugun mafarki kowane mako sun fi waɗanda ba sa yin sa fuskantar raunin tunani kusan ninki 4. Alaƙa ya nuna, bai tabbatar da sanadi ba.