Sharaɗi a Kan Mabuƙaci: Daga Ribaɗin Isa Zuwa Gwajin Ƙwaya

Duk al'ummar da ta ware wani kaso na dukiyarta domin marasa ƙarfi, tambaya guda takan biyo baya: shin halin mabuƙaci yana iya hana shi rabonsa? A wannan zamani tambayar ta zo da sabuwar riga. Ana cewa a gwada fitsarin mai neman tallafi, idan an sami alamar ƙwaya a hana shi, kuma wanda ya jawo wa kansa cuta ta hanyar ci da sha ya ɗauki nauyin jinyarsa. Wannan maƙala ta bi sawun tambayar a gabashin Sakkwato, musamman Isa da Sabon Birni, inda littattafan Malikiyya da tarihin Daular Usmaniyya suka daɗe da shata mata iyaka.

Ƙasar iyaka da mabuƙatanta

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗa hannun masu jihadi a 1808, amma faɗuwarta ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Gobirawa sun ci gaba da gwagwarmaya har yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba, aka kashe Sarkin Gobir Ali. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka yi arewa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Dabarar Bello ta tsare wannan fuska ita ce kafa garuruwan ribaɗi, kuma shi kansa a ribaɗin Wurno ya zauna har rasuwarsa a 1837. Isa na cikin garuruwan da suka tsaya gadin wannan iyaka. Har yau ana jin sarautar Sarkin Gobir a Isa, ana jin ta a Sabon Birni.

Garin ribaɗi gari ne na marayu da zawarawa da naƙasassun yaƙi da baƙin da aka kora daga gonakinsu. Saboda haka batun wanda za a ciyar daga zakka da baitulmali ya kasance aikin yau da kullum a hannun hakimai da alƙalai, waɗanda madogararsu ita ce fiƙihun Malikiyya kamar yadda aka karanta shi a zaurukan malamai.

Abin da Muhtasar ya shimfiɗa

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙididdige sinfi takwas na masu cin zakka, ta fara da faƙiri da miskini. Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen mazhaba a kan wannan babi a cikin Muhtasar, kuma mas'aloli uku daga ciki sun shafi wannan bahasi kai tsaye.

Ta farko ita ce mafi muhimmanci. Wanda ya zo ya ce shi matalauci ne, ana gaskata shi, sai fa idan akwai abin da ya jawo kokwanto, kamar a ga zahirinsa ya saɓa wa da'awarsa. Wato asali shi ne amincewa, bincike kuwa yana biyo bayan dalili ne. Mai rabo ba shi da ikon ya ɗauki dukan masu layi a matsayin abin tuhuma, sannan ya ce kowa ya wanke kansa. Wannan ya dace da hanin da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta yi game da yawan zato da binciken asirin mutane.

Ta biyu takan ba ɗalibai mamaki. Malikiyya sun halatta bai wa matalauci zakka ko da yana da ƙarfin yin sana'a, yayin da Shafi'iyya suka tsananta a nan. Kowane ɓangare yana da abin riƙo. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito labarin mutum biyu majiya ƙarfi da suka nemi sadaka a lokacin Hajjin Bankwana. Annabi (SAW) ya dube su, ya sanar da su cewa mawadaci da ƙaƙƙarfa mai iya nema ba su da rabo a cikinta, amma ya bar musu zaɓi idan sun so a ba su. Masu tsanantawa sun riƙi gargaɗin. Masu sassautawa sun lura cewa an mayar da al'amarin ga amanar masu roƙon, ba a sa an bi su gida an bincika ba.

Ta uku ce ta buɗe ƙofar sharaɗi. Mai bashi yana da rabo a zakka, amma idan ya ci bashin ne domin ɓarna, kamar giya ko caca, ba a biya masa, sai idan ya tuba. Masu sharhi sun faɗaɗa: ana bai wa mai saɓo zakka idan mabuƙaci ne, matuƙar ba a rinjayar da zaton cewa a saɓon zai kashe ta ba. A lura da inda aka aza ma'aunin. Abin dubawa shi ne makomar kuɗin, ba tsarkin mutumin ba. Idan aka ji tsoron kuɗin zai tafi ga mai sayar da ƙwaya, shari'a tana da wata hanya, wato babin hajru. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana miƙa dukiya ga wawa mai almubazzaranci, kuma a cikin ayar dai aka yi umarni a ciyar da shi, a tufatar da shi, a yi masa magana mai daɗi. Ana cire kuɗi daga hannunsa, ba a cire abinci daga bakinsa, balle bakin 'ya'yansa.

Akwai kuma ƙissar Misɗahu, wadda ta fi kowace kusa da batun yanke tallafi saboda laifi. Sayyidina Abubakar (RA) ne yake ciyar da shi saboda zumunci da talauci. Da Misɗahu ya tsoma baki cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha (RA), Abubakar ya rantse ba zai sake ba shi komai ba. Aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana hana masu falala irin wannan rantsuwa, Abubakar ya mayar masa da abin da yake ba shi. An tsayar wa Misɗahu haddi, abincinsa kuma bai yanke ba.

Alhakin mutum a kan jikinsa

Kada a fahimci cewa malaman jihadi sun ɗauke wa mutum nauyin kansa. Bello ya rubuta Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib domin kwaɗaitar da neman halal da ƙyamar zaman jiran hannun mutane. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da abin da ke gyara jiki, Bello kuma ya bar rubuce-rubuce da dama a kan magani. Hani daga wuce iyaka a ci da sha yana cikin aya ta 31 a Suratul A'araf, kuma hadisin kasa ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, sananne ne ga kowane ɗalibi. Sai dai Bellon da ya ce wa talaka ya nemi na kansa, shi ne ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina Usulus Siyasa, inda ya ɗora wa shugaba nauyin raya sana'o'i da kasuwanni da hanyoyi da tanadin abinci. Wa'azin dogaro da kai ya tafi ne kafaɗa da kafaɗa da wajibin mai mulki. Da wuya a sami adalci a wurin wanda ya ɗauki rabin farko ya ajiye na biyu.

Zuwan Turawa ya sauya lissafin. Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, an narkar da zakkar hatsi cikin harajin bai ɗaya da ake biya da kuɗi, iyakar Ingila da Faransa kuma ta raba Gobir biyu, Tsibiri can, Sabon Birni nan. Abin da ake karɓa da sunan haƙƙin matalauci ya koma kuɗin gudanar da mulki. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta iske talakawa a wannan hali. Rabon zakka ya koma tsakanin manomi da malaminsa da maƙwabcinsa, waɗanda suka san juna ciki da bai, ba su buƙatar wani gwaji. Sai bayan dawo da shari'a a Zamfara da Sakkwato a shekarar 2000 ne hukumomin zakka suka sake bayyana. A Sakkwato an kafa kwamitin zakka da waƙafi a 2007, aka ɗaga shi ya zama hukuma a 2016. Daga 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta fara biyan naira 5,000 a wata ga gidajen da ke cikin rajistar matalauta. Da rabo ya koma hannun ma'aikaci mai takarda wanda bai san mai karɓa ba, sai neman hujjar cancanta ya dawo.

Inda aka gwada

Amurka ce ta fi yin nisa a wannan hanya. Dokar gyaran tallafi ta 1996 ta ba jihohi damar gwada masu karɓa. Jihar Mishigan ta fara a 1999, kotu ta dakatar da ita. Jihar Fulorida ta kafa tata dokar a 2011, ta wajabta wa kowane mai neman tallafi ya biya kuɗin gwaji daga aljihunsa, a mayar masa idan ya tsallake. Cikin wata huɗu an gwada mutum 4,086, aka sami 108 kacal da alamar ƙwaya, wato kashi 2.6 cikin ɗari, kuma abin da jihar ta mayar na kuɗin gwaji ya zarce abin da ta tsimi. Kotun tarayya ta soke dokar a Disambar 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2014. Hujjar alƙalan ita ce talauci shi kaɗai ba dalilin tuhuma ba ne, kuma tsarin mulkinsu ya hana bincike ba tare da dalili ba. Mai karatun Muhtasar zai gane wannan magana. Game da ƙiba kuwa, Japan ta kafa doka a 2008 ta auna ƙugun 'yan shekara 40 zuwa 74, amma tarar tana hawa kan kamfanoni da ƙananan hukumomi ne, ba kan mai teɓa ba.

A ƙasar Hausa, Kano ta bi wannan hanya. Matsalar ta gaske ce: binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Janairun 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da aka yi nazari, kuma a Mayun 2018 an hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta sa gwajin ƙwaya a kan masu riƙe muƙamai, aka kuma gwada 'yan takarar zaɓen ƙananan hukumomi na 2021. Wannan yana da fuska a fiƙihu, domin shugabanci amana ce da ake sharɗanta mata hankali da adalci. A auren gata na Oktoban 2023, wanda Hukumar Hisba ta shirya wa ango da amarya 1,800, an gindaya gwajin lafiya kafin a shiga. Shi ma yana da uzuri, tunda akwai abokin zama da 'ya'yan da za a haifa, kuma wanda bai shiga ba bai rasa abin da zai ci ba. Kuskuren da ake jin tsoro shi ne a yi ƙiyasin abincin mayunwaci a kan muƙami ko kan kayan ɗaki.

Isa a yau

Iyakar da Bello ya tsare ta sake zama fagen fama. A Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar 2021 an ƙona matafiya a cikin motarsu a kan hanyar yankin. A 2024 an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wasu sun cika makarantu da kangaye a cikin garuruwa, manoma da yawa kuma sai sun biya 'yan bindiga kafin su taɓa gonakinsu. A Shinkafi da Zurmi, maƙwabtan Isa ta ɓangaren Zamfara, tantancewar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a 2024 ta nuna kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Muhawarar ƙiba ta masu ƙoshi ce. Uwar da aka raba da rumbunta ba ta zaɓi abin da ɗanta zai ci ba.

Ƙwaya kam tana nan, kuma malaman da ke kuka da ita suna da gaskiya. Taramol da wiwi suna yawo a daji da gari, kuma mai ba da zakka yana da haƙƙin ya ƙi ganin guminsa ya ƙare a hannun dillali. Amma matashin da yake haɗiyar taramol domin ya jure dakon kaya ko ya sami barci bayan abin da idonsa ya gani, yana da mata da 'ya'ya, wataƙila da tsohuwa a ɗaki. Gwajin fitsari yana nuna abin da ya sha a 'yan kwanakin nan, ba ya nuna inda kuɗin gobe za su tafi, wanda shi ne abin da masu sharhin Muhtasar suka tambaya. Limamin unguwa da mai unguwa sun fi kwalbar gwaji sanin wannan. Idan sun tabbatar da dalili a kan mutum guda, hanyar hajru a buɗe take: a ba shi gero maimakon kuɗi, ko a damƙa rabon a hannun matarsa ko waliyyinsa, shi kuma a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, har wani ya la'ance shi. Annabi (SAW) ya tsayar masa da hukunci, ya hana la'antarsa, ya kuma shaida cewa yana son Allah da Manzonsa.